FASSARAR MAFARKI: Kai Da Kaya Duk Mallakar Wuya Ne

Cikin tambayoyin da masu karatu suke aiko wa wannan fili, daga Legas da Ibadan har Jos da Maiduguri, da wuya wata ya wuce ba a sami mai tambaya a kan mafarkin kaya ba. Wani ya ga kansa ɗauke da kaya niƙi-niƙi, ya rasa mai sauke masa. Wani ya ga yana ɗaurin kaya a tasha, kafin ya gama mota ta tashi ta bar shi. Wata kuwa ta ga ana fitar da akwatunanta daga ɗakin mijinta, ta farka da hawaye, tun daga ran nan ba ta ƙara yi wa kishiyarta kallon arziki ba. Dukansu abin da suke so shi ne a ce musu alheri ne ko sharri, cikin kalma guda. To, shi wannan ilmi bai yarda da amsa cikin kalma guda ba, dalilin haka kuwa shi za a bayyana a wannan mako.

Da farko, ita kanta kalmar kaya ta isa a tsaya a kanta, domin Bahaushe ya labta mata nauyi mai yawa. Abin da ya sa a jikinsa kaya ne, abin da ya kasa a kasuwa kaya ne, abin da amarya ta tare da shi kayan ɗaki ne, hanji da tumbi ma kayan ciki ne. In aka naɗa mutum aka ba shi alkyabba da sanda, an ba shi kayan sarauta. In ɗansa ya lalace, a ce kayan takaici. Mazubin kayan kuma ya sha sākewa, tun daga taiki da mangala na fatake, da gafakar almajiri, da zabirar wanzami, da adaka da fantimoti na iyaye mata, har zuwa akwatin zamani mai taya da ake ja a filin jirgin sama. Saboda haka wanda ya ce ya yi mafarkin kaya, ya yi shiru, bai faɗi kome ba tukuna.

Ba kowane mafarki ake fassarawa ba

Hadisi ingantacce wanda Buhari da Muslimu suka ruwaito ya kasa mafarki gida uku. Akwai na gaskiya, wanda yake bushara daga Allah, shi ne kuma aka ce yanki ɗaya ne daga cikin yankuna 46 na annabci. Akwai na Shaiɗan, wanda yake kawowa don ya firgita mumini ya baƙanta masa rai. Na uku shi ne zancen zuci, watau abin da mutum ya yini yana saƙawa, ya kwanta da shi, ya biyo shi cikin barci. Na farkon kaɗai ake nema wa fassara.

Mafarkin kaya da yawa a gida na uku yake. Ɗan dakon da ya yini yana jigilar buhuna a Kasuwar Kurmi, in ya ga buhu a kansa da dare, wuyansa ne yake ba shi labari. Maniyyacin da ya kwana yana auna jakarsa don kada ta wuce nauyin da jirgi ya yarda, ba abin mamaki ba ne ya ga an tare shi a ma'auni. Akwai kuma gidajen da ɗaurin kaya ya bar musu tabo. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su fice, Hausawa da Yarabawa da yawa suka baro Kumasi da Akara da abin da kai zai iya ɗauka. A watan Janairu na 1983 gwamnatin Shagari ita ma ta kori baƙi, mutanen Gana wajen miliyan ɗaya suka fita, har jakar ledar da suka zuba kayansu ta sami sunan da ake kiranta da shi har yau. Dattijon da ya ga irin wannan rana da idonsa, in ya yi mafarkin ana gaggauta shi ya ɗaure kaya, tsohon miki ne ya motsa.

Haka nan wanda ya farka ya ji kamar an ɗora masa dutse a ƙirji, ya kasa motsi ya kasa magana, abin nan da ake kira dannau. Likitoci sun bayyana cewa a lokacin da mutum yake mafarki, ƙwaƙwalwa takan ɗaure gaɓoɓinsa don kada ya tashi ya aikata abin da yake gani. In hankali ya farka kafin gaɓoɓin su saku, sai ya ji wannan nauyi. Ya fi samun mai ƙarancin barci da mai kwanciya rigingine. Maganinsa addu'a da isasshen barci da gyara kwanciya.

Sa'ad da fādawan sarkin Masar suka kasa fassara mafarkinsa na shanu bakwai, kalmar da suka kira mafarkin da ita, a aya ta 44 ta Suratu Yusuf, asalinta a lugga damin ciyawa ne, ɗanya da busasshiya a cakuɗe. Sun yi kuskure a kan na sarki, domin nasa na gaskiya ne, amma siffar ta dace da yawancin abin da ake gani cikin dare: ƙunshin tarkace, wanda in an kwance ba a tsinci kome ba.

Mafarki ɗaya, mutum biyu

Mafarkin kaya mafi shahara yana cikin wannan sura, a aya ta 36. Samari biyu suka shiga kurkuku tare da Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Ɗaya ya ga yana matsar giya, ɗaya ya ga yana ɗauke da gurasa a kansa, tsuntsaye suna ci. Da masu fassarar neman goro aka kai wa na biyun, da cewa za su yi arziki ya zo, ga abinci a ka har tsuntsaye suna samun rabo. Annabi Yusuf kuwa, a aya ta 41, ya gaya wa na farko zai koma shayar da ubangidansa, na biyu kuma za a tsire shi tsuntsaye su ci daga kansa. Watau kyaun abin da aka ɗauka bai isa hujja ba.

Wanda aka fi ambata cikin wannan fanni bayan annabawa da sahabbai shi ne Muhammadu ɗan Sirina, tabi'i, mutumin Basra, wanda ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira. Ana ba da labari cewa mutum biyu suka zo masa, kowa ya ce ya ga yana kiran salla. Ya gaya wa na farko zai yi aikin Hajji, ya gaya wa na biyu za a kama shi da sata. Da almajiransa suka tambaye shi dalili, ya ce a fuskar na farko ya ga alamar kirki, sai ya tuna da umurnin da aka yi wa Annabi Ibrahim na yin shelar Hajji, a aya ta 27 ta Suratul Hajji. Na biyu kuwa bai ga haka a tare da shi ba, sai ya tuna da mai shelar da ya bi ayarin 'yan'uwan Yusuf yana tuhumarsu da sata. Mafarki ɗaya ne, masu shi ne suka bambanta. Shi ya sa littafin fassara da ake sayarwa a bakin masallaci da sunan Ɗan Sirina, wanda masana da dama suke ganin an tattara shi ne ƙarnoni bayan rasuwarsa, ba a buɗe shi kamar ƙamus a ɗauki amsa. Mai ta'abiri na ƙwarai yakan fara da mutumin, sa'an nan ya yi wa kayan tambaya uku.

Kayan na wane ne?

In mutum ya ga kayan nasa ne, yana tafe da su ba tare da tangaɗi ba, wannan ɗawainiyarsa ce ta yau da kullum, iyali da sana'a, kuma yana iyawa. In ya ga na wani ne aka ɗora masa, to, sai a duba amana. Aya ta 72 ta Suratul Ahzab ta siffanta amana da kayan da aka gitta wa sammai da ƙasa da duwatsu suka ƙi ɗauka, mutum ya ɗauka. Malaman lugga suna cewa kalmar waziri ma daga tushen nauyi ta fito, domin shi ke ɗaukar wa sarki nauyin mulki. Mai irin wannan mafarki ya tambayi kansa abin da yake hannunsa wanda ba nasa ba: gādon da aka ƙi rabawa shekara da shekaru, gonar marayu, ajiyar ɗan'uwan da ya tafi ci rani, kuɗin adashi, ko kuɗin jama'a da aka ba shi sa hannu a kansu a ofis.

Manzon Allah, mai tsira da aminci, ya taɓa aiken wani mutum da ake kira Ibnul Lutbiyya karɓar zakka. Da ya komo sai ya raba abin da ya kawo gida biyu, ya ce kashi ɗaya na baitulmali ne, ɗaya kuwa kyauta aka yi masa. Manzon Allah ya hau mumbari ya tambaya me ya hana irin wannan ma'aikaci zama gidan iyayensa ya gani ko kyautar za ta same shi a can, sa'an nan ya yi gargaɗi cewa duk wanda ya ɗauki wani abu daga irin wannan dukiya zai zo da shi a wuyansa ranar Alƙiyama, raƙumi ne ko saniya ko tunkiya, kowace tana kukanta. Ma'aikacin da ya ga kansa yana rangaji da akwatin da bai san mai shi ba, ya tuna da wannan hadisi kafin ya tuna da maƙiya.

Akwai kuma wanda zai ga an buɗe jakarsa an sami abin da bai zuba ba. Misalinsa yana a aya ta 70 zuwa ta 76 ta Suratu Yusuf, inda aka sa ma'aunin sarki cikin kayan ƙanen Yusuf, aka bincike na yayyensa tukuna, sa'an nan aka fito da shi daga nasa. Mai ta'abiri zai ce wa irin wannan mutum ya kula da wanda yake shiga sha'aninsa. In matafiyi ne, gargaɗin ya zama biyu, domin ba a banza hukumomi suke ja wa alhazai kunne kowace shekara kada su karɓi saƙon da ba su buɗe ba. Hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a Saudiyya yakan kai ga kisa.

Yaya nauyinsu?

Shehu Abdulganiyu Annabulusi na Dimashƙa, wanda ya rasu a 1731, ya jera alamomin mafarki bisa haruffa cikin littafinsa Ta'aɗirul Anami. Shi da sauran mawallafan fannin sun tafi a kan cewa kaya masu nauyi damuwa ce ko zunubi, gwargwadon nauyin. Hujjarsu a fili take, domin Alƙur'ani yakan kira zunubi da sunan nauyi, kuma aya ta 18 ta Suratu Faɗir ta bayyana cewa wanda kaya suka yi wa yawa a ranar hisabi, ko ɗan'uwansa na jini ya kira ba zai rage masa kome ba. Saboda haka mai mafarkin yana roƙon masu wucewa su sauke masa, kowa yana kau da kai, an tuna masa ne ya sauke tun yanzu, ta hanyar tuba da mayar da hakki, tun da sauran masu kama masa.

Wani nauyin kuwa mutum ne yake jawo wa kansa. Lefe asalinsa ɗan kwando ne da ake saƙawa da kaba, a zuba 'yan zannuwa a kai gidan amarya. Yau ya zama jerin akwatuna, babba da ƙarami, saurayi ya ci bashi ya cika su, uban yarinya ya sayar da gona ya yi kayan ɗaki. Wanda ya ɗauko Dala ba gammo da rana, ba ya bukatar malami ya gaya masa ma'anar dutsen da ya gani a kansa da dare. Shi kansa Ɗan Sirina ɗan kasuwa ne, kuma bashi ya taɓa kai shi kurkuku. Masanin mafarki ma bai tsira daga wannan kaya ba.

Sauke kaya, ko ganin wani ya karɓa da sakin fuska, alama ce ta yayewar baƙin ciki ko biyan bashi ko sauka lafiya daga muƙami. Cikin ni'imomin da Allah ya lissafa wa Manzonsa a Suratush Sharhi akwai sauke masa nauyin da ya danne bayansa. Amma in mamaci aka gani yana fama da kaya, to, magāda su tashi su bincika bashinsa da wasiyyarsa kafin su yanka ragon sadaka, domin hadisi ya nuna ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya.

Me ke ciki, ina za a kai su?

Littattafan ta'abiri sukan fassara akwati da mace, ko da abin da mutum yake ɓoyewa a zuci. Akwati a kulle, mabuɗi a hannun mai shi, asiri ne a rufe. Akwatin da ya fashe a tsakiyar kasuwa, jama'a suna kallon abin da ya zube, jan kunne ne ga mai sakin baki da mai abin ɓoye. Abin da ke ciki kuma da mai shi ake auna shi. Malamin da ya ga jaki labce da littattafansa ya tuna da aya ta 5 ta Suratul Jumu'a, wadda ta yi wannan misali ga masu ilmin da ba su aiki da shi. Ɗan kasuwar littattafai kuwa mai yiwuwa hajarsa kawai ya gani. Wanda ya kwance kayansa ya tarar da kuɗin da ya riga ya biya an mayar masa, kamar yadda ya faru ga 'yan'uwan Yusuf a aya ta 65, yana iya fātan alheri daga inda bai zata ba.

Ɗaurin kaya da shirin tafiya su suka fi tsorata mutane, domin ana cewa mutuwa ce. Gaskiya ne tafiya tana cikin alamomin mutuwa, har ma likitan nan na Biyana, Sigman Furoid, wanda littafinsa a kan mafarki yake ɗauke da shekarar 1900, ya lissafa ta haka, ko da yake hanyarsa dabam ce da ta malaman Musulunci. Amma tafiya tana nufin canjin hali iri iri, kamar aure, ko sabon aiki, ko ƙaura, ko barin wata mummunar ɗabi'a, kuma ajali ba mai saninsa sai Allah. Abin dubawa shi ne guzuri. An ruwaito daga Ibnu Abbas cewa waɗansu mutanen Yaman sukan taho Hajji ba guzuri, suna cewa sun dogara ga Allah, in sun iso Makka su shiga roƙo, sai aya ta 197 ta Suratul Baƙara ta umurce su da yin guzuri, ta kuma nuna taƙawa ta fi kowane guzuri. Wanda mota ta bari yana ɗaurin kaya, an tuna masa ne cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda igiyar kayansa ta tsinke kuwa ya duba inda ta tsinke. Wani kayan a gindin kaba yake tsinkewa.

Ga mai akwatuna, da mai fassara

Sauran matar da ta ga ana fitar da akwatunanta. Irin wannan mafarki ya kashe aure ba ɗaya ba ba biyu ba. Mace ta kai shi wurin boka ko ɗan tsibbu, ya ce kishiya ce ta yi mata kurciya, ya yanka mata kuɗin turare da baƙar kaza, ta sayar da kwanukanta ta biya, ta komo gida da gāba, har abin da take tsoro ya auku da hannunta. Alhali kuwa in da an tambaye ta, da an ji ko an yi cacar baki da maigida a makon, ko ta ji labarin sakin wata ƙawarta, ko ma suna shirin tashi daga gidan haya. Mafarki ba shaida ba ne a gaban alƙali, ba a kuma kama kowa da laifi saboda shi.

An tambayi Imamu Malik ko kowa yana iya fassara mafarki, sai ya nuna cewa yin haka wasa ne da annabci. Littafin Risala na Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukan malamai ko'ina a ƙasar nan, ya hana wanda ba shi da sani ya fassara mafarki, ya kuma hana mai sani ya kira shi alheri alhali yana ganin akasin haka. Sunna ta riga ta koyar da abin da mai mummunan mafarki zai yi: ya yi tofi sau uku ta hagunsa, ya nemi tsari daga Shaiɗan da sharrin abin da ya gani, ya juya kwanciya, in ya so ya tashi ya yi salla, kada kuma ya gaya wa kowa, an yi alkawari ba zai cuce shi ba. Kyakkyawa kuwa ya gode wa Allah, ya gaya wa masoyi ko masani. Ba kaza, ba turare, ba ko kwabo.

Masu magana sun ce kai da kaya duk mallakar wuya ne. Duk abin da mutum ya yarda aka ɗora masa, na halal ne ko na haram, nasa ne ko na marayu, wuyansa ne zai ji, a nan da can. Wanda ya yi mafarkin kaya, in gari ya waye ya yi salla, ya zauna ya kwance kayansa na farke ɗaya bayan ɗaya. Abin da yake na wani ya mayar, abin da ya fi ƙarfinsa ya rage, bashin da ya manta ya tuna, sa'an nan ya ɗaure sauran ya ci gaba da tafiya. Hadisi ya nuna abu uku suke raka mamaci zuwa kabari, iyalinsa da dukiyarsa su komo, aikinsa ya zauna tare da shi. Wannan shi ne ƙunshin da ya cancanci a kwana ana tunaninsa.

Allah shi ne mafi sani. A mako mai zuwa, in Allah ya so, wannan fili zai duba mafarkin rijiya da guga.